Tsatsa a Cikin Makara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Kaura Namoda, zuwa ga ɗana Nasiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta ko bayan ka sauka Fatakwal. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da direba mai hankali, ya saukar da kai a hannun mutanen kirki. Innarka ce za ta sa maka ita cikin jaka, don na gwada in faɗa maka abin da ke ciki da baki, bakin ya ƙi buɗuwa. Ka san halina. In faɗa ne ba a fi ni ba, amma in magana ta zo kan laifina sai harshe ya yi mini nauyi.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Magana ɗaya ce, maganar makarar da ta karye da yayana, babanka Garba. Kana wurin, ka ga farkon abin, amma ba ka san inda na yi ta yawo a kan mashin tun bayan sadakar uku ba, kuma ba ka tambaya ba. Ga shi za ka inda za a riƙa nuna maka bututun mai da tankuna ana tambayarka ko za su ɗauka ko ba za su ɗauka ba, mutane su shiga ƙarƙashinsu a kan maganarka. Ba na so ka tafi da rabin labari.

Ranar nan, bayan an yi wa Yaya Garba salla, ina gaba ta hannun dama, kai kana can baya. Mun wuce tsamiyar bakin titi ana ta karɓa-karɓa yadda aka saba, wannan ya sa kafaɗa wancan ya janye, sai na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Hannun makara na hagu ya rabu da jikinta. Mutumin da ke ɗauke da shi ya tsaya da guntun fayif a kafaɗa yana kallonsa, makara ta karkace, na ga yayana yana zamewa cikin tabarma kansa na yin ƙasa. Ba don Malam Isa ladan ya zube gwiwa biyu ya tare shi da ƙirji ba, da a cikin taɓon damina za mu ɗauko shi. Gefen likkafanin sai da ya taɓa ƙasa. Na gani da idona, kuma har yau in na rufe ido wannan jan tabon nake gani a jikin farin yadi.

Sai salati kawai ake yi. A cikin tabarma muka ƙarasa da shi maƙabarta, hannu da hannu. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi mini zafi, don babu wanda bai san ko waye ya ƙera makarar ba.

Da muka dawo na koma gindin tsamiya na tsinci guntun. Nasiru, tun ina saurayi a ma'aikatar jirgin ƙasa nake yanka ƙarfe ina haɗa shi, ban taɓa riƙe abin da ya tayar mini da hankali irin wannan ba. Daga waje kore ne shar, fentin da na shafa da hannuna kafin azumi. Na sa babban yatsa na danna, ya lotsa. Na karkata shi, jan gari ya zubo mini a tafin hannu, da laima a jikinsa. Ashe abin da muke ɗora iyayenmu a kai duk shekarun nan fenti ne, ƙarfen ya daɗe da tafiya. Na zauna a gindin itacen nan na rasa abin da ke mini daɗi, sai kawai na tuna ba ita kaɗai na yi ba. Guda biyar na yi, huɗu suna garuruwan mutane ana ɗaukar mamata da su.

Kana ƙarami lokacin, bari in gaya maka yadda aka yi. Bayan an ba mu jiharmu, jirgi ya riga ya ja baya, na bar reluwe na buɗe shagon walda a bakin tasha. Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen giya na sabon gari, wata Madam 'yar kudu da za ta tashi ta fito da kujerunta na ƙarfe tana neman mai saye. Na je na gan su jere a rana suna ƙyalli, fayif fari tas kamar azurfa. Nan take dabara ta faɗo mini. Makarar unguwarmu ta gwangwala ce, gara ta cinye ta, kullum ana ɗaure ta da igiya. Na ce ƙarfen da ya ɗauki mashaya bari ya koma ɗaukar masallata, ni kuma in sami lada. A lokacin kowa neman abin da zai yi a ce ya yi wa addini hidima yake, ni ma ban so a bar ni a baya ba. Na ƙera biyar, na ba masallacinmu ɗaya, na kai ɗaya Kurya Madaro wurin dangin innarka, sauran na kai Shinkafi da Zurmi da Gurbin Bore. Liman ya ambaci sunana ranar Juma'a, kaina ya kumbura har hula ta kusa ƙin shiga.

Ban auna kaurin fayif ɗin nan ba. Ni da na yi aiki da ƙarfen dogo, na san bambancin abin da aka yi don mutum ɗaya ya zauna ya sha lemo da abin da zai ɗauki gawa a kafaɗar mutane, amma ƙyalli ya rufe mini ido. Farin nan da ke samansa shafe ne kawai, bai kai kaurin farce ba, kuma duk inda na sa wutar walda na ƙone shi, na bar baƙin ƙarfe tsirara daidai wurin da nauyi ke taruwa. Don haka in aka kawo maka ƙarfe, kada ka yi masa kallon da ake yi wa shadda a kasuwa. Ka tambayi kaurinsa, ka tambayi aikin da aka yi shi dominsa, ka fara duba mahaɗa kafin ka dubi tsakiya. Wanda ya kawo maka shi yana yabonsa, ka ƙara dubawa.

Yanzu ga inda kai ka shigo. Hutunka na farko daga makarantar kimiyya ne, ka same ni a bayan masallaci ina shafa wa makara fenti, kamar yadda nake yi duk shekara in azumi ya matso. Ka tsuguna ka gaishe ni, ka daɗe kana jujjuya hannun makarar, sannan ka fara magana a hankali kamar mai roƙon kuɗin makaranta. Ka ce malaminku ya koya muku cewa tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu, ƙarfe da ruwa da iska, in ka raba ɗaya da sauran ka kashe ta. Ka ce ƙarfe daga jar ƙasa aka fitar da shi da wuta, kullum kuma neman hanyar komawa yake, aikin mai ƙarfe shi ne ya tare masa hanya. Har nan ina jin daɗi, ina cewa a raina kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa banza ba. Sai ka nuna turakun itace da na cusa a bakin kowane fayif don kada ya yanki hannun mutane.

Ka ce, "Baba, iccen ga ruwa shika sha, kuma ba shi bari ya hita. Da an cire shi an huda ƙasan hwayif ɗin."

Ka nuna zobban tagulla da na ɗaura a hannuwan don ado, waɗanda na kwance daga wani tsohon tarago. Ka ce in ƙarfe iri biyu suka manne da juna ga laima a tsakani, sai su zama kamar batirin tocila, ɗaya ya riƙa cin ɗaya, kuma tsakanin tagulla da baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe ne ke ciwuwa. Sannan ka ce fentin da nake shafawa a kan tsohon fenti ba tare da na kankare ba, rufe ta kawai yake yi tana aikinta a ƙasa.

A gaban mutum uku ka faɗi wannan, suna zaune a inuwa suna jiran la'asar, ɗayansu ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya kwashe ni. Na ajiye burushi na ce, "Ni za ka koya ma ƙarhe? Tun ba a haihe ka ba nika cin wuta. Tashi ka ba ni wuri." Na ƙara da wasu maganganu a kan boko da 'ya'yan zamani waɗanda ba sai na maimaita ba. Ka ce in yi haƙuri, ka tashi. Ba ka sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya, har ranar da ka ga babanka Garba yana zamewa.

To bayan sadakar uku na ɗaure zarto da guduma da injin huda a bayan mashin, na ce wa innarka aiki ne ya taso. Kurya Madaro na fara zuwa. Na tarar da tasu a tsaye jingine da bangon masallaci, daidai inda ruwan alwala ke gangarowa, hannuwa biyu na ƙasa a cikin danshi. Kawunka ya ce bayan kowace jana'iza sukan wanke ta da ruwa da omo, don girmamawa, su jingine ta ta bushe. Na sa filaya na zaro turken itace ɗaya. Ya fito baƙi, lugub, sai ga jan ruwa yana bin sa, mai wari, ya fi cikin kofin shayi. Ruwan wanka nawa ne ya taru a ciki, Allah kaɗai ya sani. Na tsaya riƙe da turken ina kallonsa. Ni na toshe bakin da hannuna, ina ganin kirki na yi wa tafin hannun mutane, ashe tulu na gina wa tsatsa. Na yanke hannuwan huɗu a take na ce su koma wa gwangwala kafin in kawo musu wata.

Ka riƙe wannan. Duk abin da aka sa ka duba, ka tambayi kanka ta ina ruwa zai shiga, don sai ya shiga, sannan ta ina zai fita. Ruwan da ya zuba ya wuce ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya sami lungu ya kwanta shi ne. Ƙarƙashin kan noti, bayan ƙusa, tsakanin faranti biyu da aka ɗora, cikin fayif da aka toshe, duk inda hannunka ba ya shiga ya share, can za ka kai fitila. Ƙaramar huda a ƙasan fayif, wadda ba ta ɗaukar mutum lokacin shan ruwa, da ta hana likkafanin yayana taɓa ƙasa.

A Shinkafi na sha wuya. Ranar kasuwa na isa, gari cike da shanu da raƙuma da mutanen Nijar, na sami masu kula da masallacin da ƙyar. Tasu ta fi kowacce kyau a ido, don wani bawan Allah ya ɗauki nauyin yi mata fenti, shafi a kan shafi har ya yi kauri kamar ɓawon rake. Da na ce na zo in yanka ta, dattijon da ke riƙe da mabuɗi ya dube ni kamar na ce zan rushe hasumiya. Ya ce sadaka ce wani mutumin Kaura ya bayar, ba a taɓa ta. Na ce ni ne mutumin Kauran. Ya ce to wanda ya ba da sadaka ba ya dawowa ya karɓe. Raina ya fara ɓaci irin yadda ka sani, sai na tuna inda ɓacin rai ya kai ni, na haɗiye. Na roƙe shi ya bar ni in ƙwanƙwasa kawai. A tsakiya guduma ta yi ƙara garau. Da na zo gindin zoben tagulla sai ta yi wani dum, kamar an bugi kabewa. Na sa wuƙa na ɗaga fentin, ya taso falle guda, ga ƙarfen a ƙasa duk ramuka ƙanana kamar an sossoke shi da allura, wasu sun zarce har ciki. Zoben kuwa lafiyarsa lau, yana sheƙi kamar ranar da na ɗaura shi, ya ci ƙarfen da ke kewaye da shi ya bar masa siririn wuya. Dattijon ya leƙa, ya ja da baya, ya ce jiya-jiya suka kai wani da ita. Rijiyar da suke ɗiba kuma ruwanta da zartsi, na ɗanɗana da kaina. Ka taɓa cewa gishiri a ruwa yana ƙara wa wannan cin sauri, ranar ban saurara ba.

Inda za ka, an ce iskar ma gishiri ne da ita, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Abin da ya ɗauki shekaru a nan, can ba zai jira ka ba. Kada ka yarda da fenti. Fenti sabo a kan tsohon ƙarfe, ka tambayi wa ya kankare, da me ya kankare, ya sa jan fentin ƙasa kafin na sama ko bai sa ba. In aka ce maka ai bara aka shafa, ka ce a ba ka guduma. Kuma kada ƙanƙantar rami ta ruɗe ka. Tsatsar da ta bazu ko'ina ja wur tana ba da tsoro, amma ita ka gan ta, kana iya auna abin da ta ci. Mai bakin allura ita ce ke huda tanki mutum na tsaye a gefensa yana yabon aikinsa. Na kuma gane abin da kake nufi da kwanon rufi, da ka ce tutiya, farin shafen nan da ke samansa, ita ke yarda a ci ta don ƙarfen ya tsira, ko da an ƙarce shi. Ni na yi akasin haka, na ɗaura wa ƙarfe abin da zai ci shi don a ce makarar Umaru mai walda ta fi ta kowa kyau.

Ta Zurmi ta ba ni mamaki ta wata fuskar. Da na isa, na tarar da ita lafiya. Ba wata dabara suka yi ba. Awaki ne suka dame su da hawa kanta, sai suka rataye ta a kwance can ƙarƙashin rufi, yara kuma tuni suka zare turakun itacen suka yi wasa da su. Iska na shiga ta nan tana fita ta can, ruwa bai sami wurin kwana ba. Na ƙwanƙwasa ta daga kai har ƙafa, na cire zobban, na huda ƙasanta, na bar musu ita zuwa in kawo mai kauri. Ƙarfe ɗaya, hannu ɗaya ya ƙera, rana ɗaya, amma awaki da yara sun fi ni yi mata adalci. Don haka kada a kawo maka ƙarfe a tebur ka ce mai kyau ne ko marar kyau. Ka tashi ka je ka ga inda zai zauna, abin da zai taɓa, da yadda masu shi za su riƙa yi da shi in ka juya baya. Ni ban taɓa tambayar kowa yadda ake ajiye makara ba, alhali na san ana wanke ta.

A hanyar Gurbin Bore, ina kan mashin, kai nake ta yi wa faɗa a zuci. Ina cewa yaron nan ya sani, ya gani tun shekarun baya, don na daka masa tsawa sau ɗaya sai ya naɗe hannu? Me ya hana shi zuwa wurin liman, ko ya sa innarsa ta yi mini magana, ko ya ɗauki injin huda da rana tsaka ya huda, in ya so in kore shi daga gida? Na shirya maganganu masu zafi da zan gaya maka a kan kunya da shiru. Ina jin kaina mai gaskiya sosai.

Na shiga garin da hantsi, na tarar da taro a ƙofar wani gida kusa da masallaci. Wata tsohuwa ce ta rasu, an gama salla, ana ɗora ta a kan makarata. Na jingine mashin na kutsa. Daga inda nake ina hango hannun gaba na dama, fentin ya kumbura a gindin zoben, ga wani jan layi ya zagaye shi. Na san abin da wannan layin yake nufi, a Shinkafi na ga abin da ke ɓoye a gindin zobe. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in ɗaga murya in ce a dakata, ni na ƙera ta, ruɓaɓɓiya ce, a kawo tabarma. Kalmomin suna bakina. Na dubi fuskokin mutane, baƙi gare ni duka, 'ya'yanta na share hawaye, liman na cewa a hanzarta. Na ji nauyin a ce baƙo ya tsayar da jana'iza, na ji nauyin in faɗi sunana a haɗe da wannan aiki. Nasiru, ban ce komai ba. Ni da na zo da faɗan shiru a bakina.

Abin da na yi shi ne na riga kowa zuwa wannan hannun. Ban ɗora shi a kafaɗa yadda ake yi ba, na shige ciki na sa kafaɗata ƙarƙashin jikin makarar, na damƙe mahaɗar da hannu biyu, aka ɗaga. Ba mu yi nisa ba na ji ta motsa a tafina. Ka san al'ada, ba mai riƙe makara har maƙabarta, ana 'yan taku sai wani ya karɓa. Mutum na farko ya zo ya dafa ni, na yi kamar ban ji ba. Na biyu ya zo, na girgiza kai. Aka fara duban juna. Wani dattijo ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, saki hakanan, kowa na son lada." Na ce masa ya yi haƙuri, ban saki ba. Ina jin ana gunaguni a baya, wane ne wannan, daga ina ya zo, danginta ne ko mai taɓin hankali. Ƙarfen kuwa yana marmashewa a hannuna, bakinsa ya shiga naman tafina, ina jin jini na bin hannun rigata. Hanyar ta bi ta cikin gonakin gero, ga santsi, duk taku ɗaya ina roƙon Allah kada ya kunyata baiwar nan tasa saboda ni. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba, ko ranar da tukunyar gas ta kama wuta a shago.

Allah ya rufa asiri muka isa. Aka sauke, aka ɗauke ta aka sa a makwancinta. Sai da aka fara mayar da ƙasa na buɗe hannuna, hannun makarar ya faɗi gefe guda a gaban kowa, jan gari ya zube a kan ciyawa. Bayan addu'a na tsaya na faɗa musu ko ni waye, da abin da ya faru da yayana, da abin da ya kawo ni. Ba zan ɓoye maka ba, a raina ina tsammanin za a ce sannu, an gode, ka yi ƙoƙari. Wasu sun ce. Amma babban ɗanta, mutum ne kamar sa'arka, ya dubi guntun ƙarfen, ya dubi hannuna, ya ce da ni a hankali:

"Baba, ashe ka sani tun ƙohwar gida. Ka sani, kab bari munka aza innarmu bisa? Da ka hwaɗi, ai akwai tabarma."

Gaskiyarsa ce. Da santsi ya ɗauke ni a gonar nan, da hannuna ya gaji, da tsohuwar mutane ta faɗi a gaban 'ya'yanta, ba don ban sani ba, sai don na ji kunyar buɗe baki. Na zaɓi in yanke hannu da in faɗi 'yan kalmomi. Shi ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini ciwon, ya sa aka kawo mini ruwa. A hanyar dawowa duk faɗan da na tanadar maka ya zube. Na gane ba kai ka ƙirƙiro shirun nan ba, a gidana ka koye shi, ni na koya maka da tsawa, kuma ni ma yana jikina.

Saboda haka ga abin da nake so da kai, kuma shi ne dalilin takardar nan duka. Can za ka sami manya, masu furfura da masu mukami, waɗanda suka fi ni iya tsawa. Wata rana za ka ƙwanƙwasa bututu ka ji wannan dum ɗin, ga aiki ana sauri, ga mai gida yana duban agogo, ga ka baƙo ɗan arewa sabon zuwa. Za ka ji nauyi. Za ka ce bari in lallaɓa, in sa ido a kai, in tare da kaina. Kada ka yi. Ka gaishe su da ladabi yadda muka koya maka, ka rusuna in rusunawa ce, sannan ka ce a dakata. In an daka maka tsawa ka dawo gobe ka sake faɗa. In an kore ka daga ofis ka je wurin na sama da shi. In aikin ne zai tafi, ya tafi, ka dawo Kaura, shago na nan kuma tuwon gidanmu bai ƙare ba. Ka yi maganar tun ba a ɗauka ba, don in an riga an ɗaga, hannunka biyu ne kawai, kuma bututun mai ba a tare shi da kafaɗa.

Ni kuma ka yafe mini abin da na yi maka a bayan masallaci. Kai ne da gaskiya, a gaban mutum uku na ƙaryata ka, kuma na riga na je na sami biyun da ke raye na gaya musu haka. Na sayo fayif mai kauri zan sake ƙera biyar ɗin in hannu ya warke. Kafin in kunna wuta, ka rubuto mini yadda za a yi, dalla-dalla, irin fentin da za a fara sawa da inda za a huda, zan bi kamar ɗan koyo. In ka ga na kauce, ko a wannan ko a wani abu, ka faɗa mini ko a gaban waye. Zan yi fushi, ka san ba a canza hali da tsufa, amma ka bar ni in yi fushin, kada ka tashi.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka nemi abokan da za su tashe ka in ka makara. Innarka na gaishe ka, ta ce kada ka ci abin da ba ka san sunansa ba. Allah ya kiyaye ka a kan ruwa da tudu, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta, ya sa kada a taɓa cutar da wani ta dalilin shirunka. Allah ya jiƙan babanka Garba da tsohuwar Gurbin Bore, ya dawo mana da kai lafiya muna raye.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Umaru mai walda.